Destof Ko Laftof: Wacce Ta Fi Shan Wuta, Kuma Nawa Bambancin Yake Ci A Aljihu?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon sayar da kwamfuta a Beirut Road ko Farm Centre a Kano ya san irin tambayoyin da masu saye suke yi. RAM ɗinta nawa ne? Core i5 ce ko i7? Wane janareshan ce? Akwai SSD? Wanda ya ɗan waye zai ƙara da tambayar ko kibod ɗin yana haske da daddare. Da wuya a ji wani ya tambayi yawan wutar da na'urar take sha, alhali wannan tambaya ce za ta riƙa dawo masa kullum bayan ya kai kayan gida, duk ranar da zai saka wa mita kati ko zai ɗauki galan ya nufi gidan mai.

Ba laifin masu sayen ba ne. Yawancin matasan da ke neman kwamfutarsu ta farko daga waya suka taso, ita kuwa waya ba ta koya wa mutum tunanin kuɗin wuta. Abin da ya dami mai waya shi ne kashi nawa ya rage a batir, da kuma inda zai samu soket. Sai ranar da ya fara koyon zane, ko haɗa bidiyo, ko rubuta manhaja, ko ya buɗe shagon buga takardu, sannan zai gane cewa kwamfutar tebur, wato destof, da ta tafi-da-gidanka, wato laftof, ba ɗaya suke ba a wajen ci.

Amsar a taƙaice ita ce: a aikin yau da kullum, irin su Word, Excel, bincike a intanet, kallon darasi a YouTube da taron Zoom, destof ta ofis haɗe da monitarta tana shan ninki uku zuwa huɗu na abin da laftof take sha. Amma wannan amsar kaɗai ba ta isa a yanke shawara da ita ba, domin akwai wanda bambancin bai kai masa kuɗin data na wata ba, akwai kuma wanda bambancin ne zai sa ya yi aiki ko ya wuni zaune.

Wat da yunit, da batirin waya

Kafin a shiga lissafi sai an rarrabe abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Wat shi ne ƙarfin jan wuta a daidai lokacin da na'ura take aiki, kamar ƙarfin zubar ruwa daga famfo. Wat-awa kuma shi ne abin da ya taru bayan wani lokaci, kamar ruwan da ya cika a bokiti. Na'urar da ke jan wat 50 idan ta yi awa biyu ta sha wat-awa 100. Idan wat-awa ya kai 1,000, shi ne yunit ɗaya da mita take cirewa.

Batirin wayar da aka rubuta masa 5,000mAh, wanda ya zama ruwan dare a wayoyin Tecno, Infinix da Samsung, yana ɗaukar kusan wat-awa 19 ne kawai. Ko an cire abin da yake salwanta a caja, yunit ɗaya zai cika irin wannan wayar wajen sau 40. Shi ya sa mai waya bai taɓa ganin tasirinta a mita ba. Abin da mai shagon caji yake karɓa kuɗin fetur ne da na zaman gadin wayoyi, wutar da ta shiga wayar kanta ba ta taka kara ta karya ba.

Batirin laftof na yau da kullum yana tsakanin wat-awa 40 zuwa 60, wato kamar wayoyi biyu zuwa uku. Manyan cikinsu ma ba sa wuce wat-awa 100, kuma da gangan kamfanoni suke tsayawa a nan, saboda ƙa'idar jiragen sama ta sa iyakar batirin da fasinja zai shiga da shi ba tare da neman izini ba a wat-awa 100. Daga nan kaɗai mutum zai iya gane abin da laftof take sha: idan batirin wat-awa 50 ya yi awa biyar, to na'urar tana jan wat 10 ne a matsakaici.

Lambar da ke jikin caja ba ita ce abin da ake sha ba

Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Sai a ga an rubuta 65W a jikin cajar laftof, an rubuta 500W a jikin akwatin wutar destof, sai a ɗauka haka suke ja tun safe har dare. Waɗannan lambobi iyakar abin da za su iya bayarwa ne idan an matsa musu. Cajar wat 65 tana kusantar wannan adadi ne lokacin da batir ya yi ƙasa kuma ana aiki mai nauyi a lokaci guda. Da zarar batir ya cika, mutum yana rubutu a Word, sai ta koma tsakanin wat 10 zuwa 20. Haka ita ma destof mai akwatin wat 500, idan takarda ake bugawa a kanta ba ta kai kashi ɗaya cikin biyar na wannan ba.

A aikace, laftof ta ofis tana yawo tsakanin wat 10 zuwa 30 a aikin yau da kullum, da sikirin ɗinta da komai. Babbar destof ta ofis tana jan wat 30 zuwa 70 ita kaɗai, ya danganta da shekarunta, sannan a ƙara monita mai inci 22 ko 24 da ke shan wajen wat 15 zuwa 25. Tsofaffin injuna na zamanin Pentium 4 da Core 2 Duo, waɗanda har yanzu ake gani a wasu shagunan buga takardu, sun fi haka ci. Idan kuma har da tsohuwar monita mai ƙeya, ita kaɗai tana iya shan wat 70 ko fiye, wato abin da laftof uku suke sha.

Akwai kuma asarar da ake yi a akwatin wutar kansa. Aikinsa shi ne juya wutar soket zuwa irin wadda kayan cikin kwamfuta suke amfani da ita, kuma a wajen juyawar wani kaso yana zama zafi ya bi iska. Tambarin 80 Plus da ake gani a jikin wasu, wanda aka fara a 2004, yana nufin aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta shiga yana isa inda ake so, idan an ɗora wa akwatin kashi 20, ko 50, ko 100 na ƙarfinsa. Masu matakin Gold suna kaiwa kashi 87 zuwa 90. Matsalar ita ce idan nauyin ya yi ƙasa da kashi 20, ingancin yana faɗuwa. Don haka saka akwatin wat 700 a injin da ke jan wat 40 ba burgewa ba ce, ɓarna ce. Arha marasa suna kuwa, waɗanda babu wani tambari a jikinsu, Allah kaɗai ya san abin da suke zubarwa.

Me ya sa laftof take da ƙaramin ciki?

Dole ce ta sa. Injiniyan da ke ƙera laftof yana da batir ƙarami da fanka ƙarama da jiki siriri, kowane wat da aka sha sai ya fito a matsayin zafi a kan cinyar mai ita. Wanda ke ƙera destof ba shi da wannan damuwar, soket na nan, ga fili ga manyan fankoki.

Ana ganin wannan a harafin ƙarshe na sunan furosesa, harafin da masu saye ba sa kula da shi. Core i5-8250U da ke cikin laftof da Core i5-8500 da ke cikin destof duk i5 ne, duk janareshan na takwas, amma Intel ta tsara ta farkon a kan wat 15, ta biyun a kan wat 65. Harafin U na nufin mai tsimin wuta. H na laftof masu ƙarfi ne, wajen wat 45. T na ƙananan destof ne, wat 35. K kuwa na masu neman gudu ne ko ta halin ƙaƙa, na baya-bayan nan an rubuta musu wat 125, kuma Core i9-13900K tana iya kaiwa wat 253 idan ta buɗe wuta. Waɗannan lambobi ma'aunin zafin da aka shirya wa na'urar ne, ba ainihin abin da mita za ta nuna ba, amma suna nuna ajin da kowacce take.

Dalilin da ya sa ragin yake da yawa haka yana cikin yadda furosesa take aiki. Wutar da take sha tana tafiya da saurinta, amma tana tafiya da ƙarfin bolt ninki biyu, wato bolt sau bolt. Idan aka rage bolt da kashi 20 cikin ɗari, shan wutar zai ragu da kusan kashi 36 tun kafin a taɓa saurin. Kuma don a samu ƙarin gudu na can ƙarshe sai an ɗaga bolt. Ma'ana, gudun ƙarshen nan shi ne mafi tsada, kamar direban da ya tashi daga gudun 90 zuwa 140 a hanyar Kano zuwa Zariya: zai riga isa da 'yan mintoci, amma tankinsa zai faɗa masa gaskiya. Furosesar laftof tana zama a inda mai yake auki. Mai buga takarda a Word ba zai ji bambancin ba, domin ko ta laftof ɗin yawancin lokaci zaman jiran yatsunsa take yi.

Lissafin a naira

A ɗauki mutum mai aikin awa 8 a rana, kwana 26 a wata, wato awa 208. A ba laftof wat 25, a ba destof da monitarta wat 90. Laftof za ta sha yunit 5.2 a wata, destof kuma yunit 18.7.

A watan Afrilu 2024 hukumar NERC ta ɗaga kuɗin yunit ɗaya ga 'yan Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin wutar aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225. An sauko da shi zuwa 206.80 a watan Mayu, ya koma 209.50 a Yuli. Idan aka yi lissafi da wannan na ƙarshen, mai laftof zai biya wajen naira 1,090 a wata, mai destof wajen 3,920. Bambancin bai kai naira 3,000 a wata ba, kusan 34,000 ke nan a shekara. Ga waɗanda ke sauran rukunonin, inda kuɗin yunit bai kai rabin na Band A ba, bambancin ya ƙara ƙanƙancewa.

Gaskiyar magana, wannan ba kuɗin da zai hana mutum barci ba ne. Dutsen guga mai wat 1,000 yana shanye abin da laftof za ta yi awa 40 da shi cikin awa ɗaya. Gidan da ake kunna na'urar sanyaya ɗaki ko hita ta dafa ruwa, destof ba ita ce ɓarauniyar yunit ba. Wanda yake da wuta tsayayya kuma destof ce ta dace da aikinsa, bai kamata kuɗin mita ya sauya masa ra'ayi ba.

Sai dai mutum nawa ne suke da wuta tsayayya?

Inda lissafin yake juyewa

Rukunin Band E alƙawarin awa 4 kawai aka yi masa a rana, Band D awa 8, kuma kowa ya san alƙawari daban, abin da ake gani a ƙwan fitila daban. A ƙarshen Oktoba 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. A irin wannan yanayi tambayar ba yunit nawa aka sha ba ce, tambayar ita ce daga ina wutar za ta fito.

A fara da janareta. Ƙaramin janareta mai fetur, da zarar an tayar da shi yana shan mai ko ƙwan fitila ɗaya aka ɗora masa. Bambancin man da zai sha tsakanin wat 25 da wat 90 kaɗan ne ƙwarai, don haka wanda zai kunna janareta awa 8 ko ta yaya, sauya destof da laftof ba zai rage masa wani abin kirki ba. Ribar laftof a nan ita ce tana ba mutum damar kashe janaretan. Ya tayar da shi awa ɗaya da rabi ko biyu, batir ya cika, ya kashe ya ci gaba da aiki awa huɗu ko biyar shiru ba hayaƙi. Mai destof ba shi da wannan zaɓi, awa 8 na aiki awa 8 ne na ƙugin inji. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 a wurare da yawa kafin ƙarshen 2024. Rage awa biyar na janareta a kowace rana ya fi duk wani ragin yunit da aka lissafa a sama nesa ba kusa ba.

Sai inbata. Batirin nan mai bolt 12 da 200Ah da ake yawan sakawa a gidaje yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda. Idan na dalma ne kuma ana so ya daɗe, rabi kawai ake ci, saura 1,200. Inbata ta ci nata kason wajen juya wutar, a bar mutum da kusan 1,000. Destof mai wat 90 za ta ƙarar da wannan cikin awa 11, laftof mai wat 25 sai ta yi awa 40. Amma ai babu gidan da kwamfuta kaɗai take kan inbata, akwai fitilu da cajin wayoyi da talabijin. Bambancin wat 65 ɗin nan da ke tsakaninsu daidai yake da fankar tsaye guda ɗaya. Awa 8 na destof da rana, awa 8 ne na fanka da aka cire daga daren, kuma duk wanda ya san daren watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya san darajar wannan.

Ga mai shirin saka sola, bambancin yana komawa kuɗin kaya tun ranar farko. Laftof tana buƙatar wat-awa 200 a wunin aiki. Faranti ɗaya mai wat 100 a ƙarƙashin ranar Arewa yana iya ba da wajen ninki biyu na haka, ko an cire asarar zafi da ƙura. Destof tana buƙatar 720, da asarar inbata ya tasam ma 900, wato sai an nemi faranti na wat 250 zuwa 300 da batirin da ya fi girma. Akwai ma wata hanya da laftof kaɗai take da ita. Wutar sola da ta batir iri ɗaya ce da wadda laftof take amfani da ita. Idan aka bi ta inbata, an juya ta zuwa ta soket, caja ta sake juyo da ita, an yi asara sau biyu. Laftof mai caji ta USB-C tana iya sha kai tsaye daga fawa bank ko ƙaramin akwatin sola mai tsarin Power Delivery. Fawa bank mai 20,000mAh yana da wat-awa 74, bayan asara ya isa ya cika laftof kusan sau ɗaya, muddin yana iya fitar da wat 45 ko 65. Na wayar nan na yau da kullum ba zai iya ba, sai an duba rubutun jikinsa.

Masu destof sukan ce ai akwai UPS. Ƙaramar UPS mai 650VA batirin cikinta bolt 12 ne da 7Ah, wat-awa 84 a takarda, kuma idan aka ja shi da sauri bai ma ba da hakan. An yi ta ne don mutum ya adana aikinsa ya kashe injin cikin mutunci, mintoci take bayarwa. Kada kuma a kuskura a haɗa mata firinta mai leza, domin wajen ɗumama garin tawada tana fizgar ɗaruruwan wat lokaci guda.

Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne juriyar wuta mara ƙarfi. Cajar laftof an rubuta mata 100 zuwa 240, don haka ko wuta ta zo ja-ja-ja, fanka na juyawa da ƙyar, sau da yawa ita tana caji abinta, in ta yanke kuma batir ya karɓa ba tare da an ji ba. Wasu tsofaffin destof da aka shigo da su daga Amurka suna da ɗan jan makunni a baya mai lamba 115 da 230. Wutar Najeriya da Nijar ta ajin 230 ce. Idan makunnin yana kan 115 aka cusa a soket, ƙara ɗaya za a ji da warin ƙuna. Ya kamata duk mai sayen irin wannan ya leƙa bayanta kafin ya haɗa.

Idan injunan suka yi yawa, lissafin ya zama na jari. Cibiyar rubuta jarrabawar JAMB a kwamfuta tana buƙatar aƙalla injuna 250. Bambancin wat 65 sau 250 ya haura wat 16,000, kuma duk wannan yana zama zafi a cikin zauren, sai an ƙara na'urorin sanyaya ɗaki su kore shi, su ma a kan janareta.

Destof ma tana da nata hujjojin

Ba adalci ba ne a tsaya a nan. Ƙarancin shan wuta a awa ba ya nufin ƙarancinsa a kowane aiki. Mai tace fim, irin masu aikin Kannywood ko masu haɗa bidiyon biki, idan destof mai jan wat 300 ta gama fitar da bidiyo cikin minti 20, ta sha wat-awa 100. Idan laftof mai jan wat 50 ta ɗauki awa biyu a kan wannan aikin, ita ma 100 ta sha, ga ɓata lokaci a kai. A aiki mai nauyi mai tsawo kuma laftof siririya tana zafi ta rage gudun kanta don kada ta ƙone, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe mata hanyar iska. Destof ana buɗe ta a busa, a sauya fanka, a ƙara RAM, a sauya monita ba tare da an jefar da sauran ba. A kuɗi ɗaya kuma ta fi ƙarfi, ba ta da batirin da zai kumbura, ɓarawo ma ba ya saka ta a jaka ya fita.

Laftof ɗin masu wasan gem su ma ba tsimi suke yi ba. Cajar wasunsu wat 180 ce, wasu 230, har da 330. Katin girafik shi ne babban maciyi a kowane ɓangare: RTX 4060 na destof wat 115 ne, RTX 3060 wat 170, RTX 4090 kuwa wat 450 shi kaɗai. Wanda aikinsa bai wuce takardu da burauza ba, sayen injin da ke da irin wannan katin kamar sayen tirela ne don zuwa cefane.

Abin da ya fi ɓata rabe-raben destof da laftof shi ne ƙananan destof da ba su wuce girman littafi ba, irin Dell OptiPlex Micro, HP EliteDesk Mini da Lenovo ThinkCentre Tiny. Furosesarsu mai harafin T ce, da caja irin ta laftof suke aiki, kuma a aikin ofis sukan tsaya tsakanin wat 10 zuwa 25. Da monita, duka bai cika wuce wat 45 ba. Apple ta nuna iyakar abin a alƙaluman da ta wallafa da kanta: Mac mini ta 2018 mai Core i7 tana shan wat 19.9 a zaune, 122 idan ta ƙure, ta 2020 mai M1 kuma wat 6.8 a zaune, 39 a ƙure. Akwati iri ɗaya, shekara biyu tsakani, an sauya furosesa da mai tsari irin na cikin waya. Ga shagon da ke kan sola kuma ake son babban sikirin da injin da ba ya yawo, irin waɗannan ƙanana sun fi dacewa da babbar destof, har ma da laftof. Abin da suka rasa batir ne kawai.

Abin da mai injin zai iya ragewa da hannunsa

A laftof, hasken sikirin yana cikin manyan masu cin batir a aiki mara nauyi, rage shi zuwa rabi yana ƙara lokaci sosai. Hoton nan mai yawo da ke fitowa idan an bar kwamfuta ba ya rage komai, an ƙirƙiro shi ne don kare tsofaffin monita daga tabo. Abin da ke ragewa shi ne barci, inda injin yake komawa wat ɗaya zuwa uku. Destof da aka bari a kunne dare da rana tana jan wat 40 a banza za ta sha kusan yunit 29 a wata, fiye da abin da aikin kansa ya ci a lissafin sama. Sauya tsohon had-dis mai juyawa da SSD yana rage 'yan wat, ya kuma sa injin ya tashi da sauri, har mutum ya daina jin ƙyashin kashe shi.

Burauza ma tana da hannu. Shafuka ashirin a buɗe da tallace-tallace masu motsi suna hana furosesa hutawa, kuma Task Manager a Windows yana da layin da ke nuna manhajar da ta fi jan wuta. Akwai kuma dalilin da ya sa tsohuwar laftof take ɗaukar zafi a YouTube alhali waya ba ta yi. YouTube yana yawan turo bidiyo a tsarin VP9 ko AV1. Furosesar Intel daga janareshan na 7 tana da sashe na musamman mai warware VP9 da wuta kaɗan, AV1 kuma sai daga janareshan na 11. Wadda ba ta da sashen da ƙarfin tuwo take yin aikin, fanka ta tashi, batir ya zube. Saukar da bidiyon zuwa 480p ko 720p yana sauƙaƙa mata, data ma ta yi auki. Masu koyon rubuta manhajar Android su ma za su ga bambanci idan suka gwada aikinsu a ainihin waya ta kebul maimakon kunna wayar kwaikwayo ta cikin Android Studio.

Duk fifikon da aka ba laftof a sama ya rataya ne a kan batirinta, kuma yawancin waɗanda ake saya a kasuwa na hannu ne da suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka. Laftof mai mataccen batir destof ce mai ƙaramin sikirin, ana ɗauke wuta za ta mutu da aikin da ba a adana ba. Kafin a biya kuɗi, a buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Windows zai fitar da rahoto mai lambobi biyu, abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yanzu. Idan na farko 50,000 ne na biyu 22,000, batirin ya rasa fiye da rabinsa, sai a saka kuɗin sabo a cikin ciniki. Bayan an saya kuma, zafi da zama a cike kullum su ne suke kashe batirin litiyom da wuri. Lenovo, Dell, HP da Asus duk suna da saiti a yawancin injunansu na ofis da ke tsayar da caji kafin ya cika, galibi a wajen kashi 80. Wanda yake da wuta ko inbata yawancin lokaci, ya kunna shi. Wanda kuma wutarsa awa huɗu ce a rana, ya bar ta ta cika ɗari bisa ɗari duk lokacin da aka kawo, ya dai ɗaga ta daga kan katifa don iska ta samu hanyar shiga ta ƙasa.